Almajirin da ke yi miki aiki yana da suna

'Yar'uwa, kin ce almajirin da ke yi miki wanke-wanke a unguwar Fadaman Mada ta Bauchi ba ya sakin jiki, ko abinci kika ba shi sai ya sunkuyar da kai ya fice. Da wane suna kike kiransa?

Ni ma na daɗe ina ce wa almajirin gidana "kai almajiri", har ranar da na tambaye shi sunansa da garinsu. Ashe daga wajen Misau yake, rabonsa da jin muryar mahaifiyarsa tun Babbar Sallah. Na ba shi wayata ya gaishe ta. Wallahi tun ranar bakinsa ya buɗe.

Ki riƙa ce masa sannu da aiki, ki zuba masa abinci da zafinsa, ba ɗumame kullum ba. Kada ki tsare shi da tambayoyi rana guda, kada ki yi masa tsawa gaban 'ya'yanki. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, ko "uf" Annabi bai taɓa ce masa ba.

In kin ga rama ko ƙazuwa, ki sanar da malaminsa a kai shi asibiti. In tabon duka ne, ki sanar da mai unguwa.