Jinin 'yata ba ya zama a jikinta

Tambaya: Likita, daga Garwa nake. 'Yata mai shekara 19 an ƙara mata jini sau biyu cikin wata uku, amma sai ya sake sauka. Idonta ya yi ɗorawa, fitsarinta kamar baƙin shayi. Ba sikila ba ce, ba a kuma ga zazzaɓin cizon sauro ba. An ce jikinta ne ke cin jininta. Gwaggonninta sun dage shawara ce, a ba ta jiƙo da maganin ƙarin jini. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Maganar da aka gaya muku tana kan hanya. Wasu fararen ƙwayoyin jini ne ke kuskure, su ƙera sinadarin kariya ya manne wa jajayen ƙwayoyinta, kamar an shafa musu shaidar baƙi. Da sun ratsa saifa, sai wasu fararen da ke tsaron wurin su haɗiye su. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu tun da wuri, kuma ragowarta ce ke rina ido da fitsari. Wani gwajin jini mai suna Coombs ne ke tabbatar da haka, ki tambaya ko an yi mata.

Maganar gwaggonni kuwa, kullum da ita nake fama. Kowane ƙarancin jini a wurinmu, sai a ɗauko zobo, ko folere kamar yadda ake cewa a nan, da tumatirin gwangwani a cikin madara, da kwalbar da mai talla ya rantse tana cika jini cikin mako. Yarinyar nan ba kayan haɗa jini ta rasa ba. Ɓargonta yana aiki ba dare ba rana, saifa tana cinyewa. Sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayoyin da suka mutu ma jiki yana maido da shi, to me ƙari zai yi? Ana ta ɗura jiƙo ana jiran ido ya washe, sai an ga tana haki daga ɗaki zuwa bayi sannan a kawo mana ita. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ƙarin jini ceto ne na ɗan lokaci, domin sabon ma ana cin sa. Maganin farko shi ne prednisolone, mai kwantar da fararen ƙwayoyin, kuma yawanci ana ganin sauƙi cikin mako biyu zuwa uku. Fuskarta za ta iya cikowa. Kada hakan ya sa ku daina ba ta kwatsam, likitanta ne zai riƙa rage shi a hankali. Idan kin ga haki, jiri ko bugun zuciya da sauri, ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne.