Baƙin ruwan da ke tsiyaya daga tulin taki zai iya ɓata rijiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna haɗa takin gargajiya a gefen gari, da kashin kaji da ragowar kayan gwari daga kasuwa. Da damina ta kankama sai wani baƙin ruwa mai wari ya riƙa fitowa daga gindin tulin yana kwanciya a fili. Akwai rijiyar maƙwabta kamar taku ashirin daga wurin. Wani ya ce mana ai wannan ruwan taki ne, mu bar shi. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya gaya muku haka ya faɗi rabin gaskiya. Ruwan nan ya kwaso sinadaran da shuka ke so, shi ya sa ma asara ce a bar shi ya tafi. Amma ya kwaso gishiri da ƙwayoyin cuta na kashin dabba, da kuma sinadarin naitret, wanda ba ya manne wa ƙasa, bin ruwa yake yi har ya tarar da wanda rijiya ke ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitret a kowace lita a ruwan sha. Idan ya haura, jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da ruwan su ne a sahun gaba: jininsu ya kasa ɗaukar iska yadda ya kamata, leɓe ya yi shuɗi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma naitret ƙaruwa ma yake yi, tunda ruwa ne ke ƙonewa ya bar shi.

Taku ashirin ya yi kusa. Ko masai ana son ya nisanci rijiya da mita 30, balle tulin da ke zubar da ruwa duk damina. In ƙasarku jigawa ce ko fadama, inda ake haƙa kaɗan a ga ruwa, ku ƙara a kan haka, kuma kada tulin ya kasance a tudu rijiya a gangare.

Yawancin wannan ruwan daga sama ya zo, ya ratsa tulin ya wanke shi. Ga lissafi: ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Fili mai faɗin mita 10 da tsawon mita 20, in aka yi ruwa na milimita 40 a dare ɗaya, irin na watan Agusta, ya karɓi lita 8,000, wato duro 40. Tun kafin a yi maganar tara shi, a hana shi shiga. Rumfar kwano ta fi, in babu hali a rufa tamfol, a ɗaga shi da itace don iska ta riƙa wucewa, a kuma ja 'yar kunya ta ɓangaren tudu ta karkatar da ruwan da ke gangarowa.

Sai daɓen ƙasa, wanda a ganina nan ne aikin yake. Kankare ya fi kwanciyar hankali. In kuɗi bai kai ba, a shimfiɗa yumɓu mai kauri a daɓe shi hawa-hawa da ɗan danshi, a ba shi gangara kaɗan, kamar santimita 2 a kowace mita, zuwa magudana ɗaya. Magudanar ta zuba a rami mai siminti ko tankin roba mai murfi. Na taɓa zuwa wani wuri da suka yi daɓe mai kyau, sannan suka haƙa rami tsirara a ƙarshensa. Suna murna ramin ba ya cika, alhali ƙasa ce ke shanyewa, kai tsaye zuwa inda ake gudu.

Shi kansa tulin, kayan gwari ruwa ne zalla, tumatir da kankana musamman. Ku shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko garin katako ko yankakken kara a ƙasa, ku cakuɗa wani a ciki. Ku damƙi takin a hannu ku matse: in ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai ne. In ruwa ya bi tsakanin yatsu, ya jiƙe da yawa, kuma warin ruɓaɓɓen ƙwai da kuke ji alama ce iska ta daina shiga, a juya shi.

Ruwan da kuka tara, ku mayar da shi kan sabon tuli wanda bai yi zafi ba tukuna, domin zafin da ya kai digiri 55 na kwanaki shi ke kashe ƙwayoyin cutar. Kada a zuba shi kan takin da ya nuna, kada kuma a yi ban-ruwan latas ko kabeji da shi.

Game da rijiyar, garau ɗin ruwa ba shaida ba ce, naitret ba shi da launi ko wari. Ku ɗebi ruwan ku kai ɗakin gwaji a auna naitret da ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashi ya shiga ruwa, yanzu da kuma ƙarshen damina. Kafin sakamako ya fito, ku je ku sami maigidan da kanku, ku gaya masa a samo wa jarirai ruwa daga wani wuri.