Ki je, amma garin iyayenki za ki tarar

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Tun shekaranjiya na ga tambayarki, na fara amsawa na goge har sau biyu, don ta taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Kin ce a Mancesta ta Ingila aka haife ki a 1986, mahaifinki yana karatu a can, kuka taso kina 'yar shekara 11, tun daga nan ba ki sake taka ƙasar ba. Yanzu dama ta samu, zuciyarki kuma ta kasu biyu: ki je ki gani, ko ki bar garin yadda yake a ranki. Kin kuma tambaya ko ki ɗauki yara, da ko ya dace ki ƙwanƙwasa ƙofar tsohon gidanku.

Ni Ingila aiki ne ya kai ni sau biyu, ban yi ƙuruciya a can ba. Tawa ƙuruciyar a Jidda na yi ta. A can aka haife ni a 1978, a unguwar Hindawiyya, muka baro a 1991 bayan yaƙin Tekun Fasha, ina ɗan shekara 13. Ban koma ba sai 2023. Shekara 32 ke nan ina cewa "baɗi in sha Allahu". Amsata a taƙaice ita ce ki je, kada ki yi irin jan ƙafar da na yi. Sauran bayanin kuma ga shi.

Fara da takarda, don a nan ne mutum yake fara shan mamaki. A raina ni ɗan Jidda ne, amma Saudiyya ba ta ba mutum zama ɗan ƙasa don kawai an haife shi a cikinta. Da bizar umara na shiga, wadda tun 2022 ta koma ta kwana 90 kuma ta ba mutum damar zaga garuruwan ƙasar. Na bi layin baƙi kamar kowa. Jami'in da ya karɓi fasfona ya ga wurin haihuwa, ya ɗago kai ya yi murmushi, ya yi mini maraba, ya buga hatimi mai ranar fita. Bai yi mini komai ba sai alheri, amma na daɗe ina kallon hatimin nan a cikin mota. Ke ma ki duba matsayinki tun kafin ki sayi tikiti. Ingila ta daina ba da zama ɗan ƙasa da haihuwa kaɗai tun 1 ga Janairu 1983, sai in ɗaya daga cikin iyaye ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin a lokacin haihuwar. Sai dai akwai wata ƙofa da mutane da yawa ba su sani ba: wanda aka haifa a can kuma ya yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a can, ba tare da yana fita fiye da kwana 90 a kowace shekara ba, yana da damar neman a yi masa rajistar zama ɗan ƙasa. Ke da kika kai 11, ki tono tsofaffin takardun makaranta da na asibiti a akwatin mahaifiyarki, ki karanta sharuɗɗan a shafin gwamnatinsu.

Daga filin jirgi na ɗauki tasi. Na buɗe baki na yi wa direban Larabcin Hijaz, ni kaina ban san yana nan kwance ba. Ya kalle ni ta madubi ya fashe da dariya, ya ce maganata irin ta kakarsa ce. Gaskiyarsa. Harshena ya tsaya a inda na bar shi. Zan iya faɗan ƙwallo a layi, zan iya roƙon mai kanti ya ƙara mini alewa, amma da hira ta kai ga haya da aiki da kuɗin makaranta sai na koma kame-kame. Mutum mai furfura da bakin ɗan shekara 13. Ke ma za ki ji Ingilishin arewacin Ingila ya dawo miki baki ba sallama, kada ki ji kunyarsa, shi ne zai fi buɗe miki fuskokin mutane.

Washegari na tafi Hindawiyya, kuma a nan na yi kuskuren da nake so ki kauce masa, na tafi da ɗana mai shekara 14. Na san an yi rusau. Tun ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 aka rushe unguwanni sama da 60 a Jidda, irin su Gulail, Fetromin, Karantina, Sabil, Kandara da tamu. Na ga hotunan bangaye da jan fenti an rubuta "ikhla", wato a tashi. Amma ji daban, gani daban. Direba ya tsaya ya ce mun iso. Na fito, babu komai. Fili ne fetal, ƙasa a baje, iska tana kwasar leda, daga nesa ana hango dogayen gine-ginen tsakiyar gari. Na buɗe taswira a waya, ɗigon nan mai shuɗi yana tsaye a tsakiyar fari, ba layi ba suna. Na yi ta takawa ina lissafi a raina: nan ne ƙofa, nan ne kantin Bayamane, nan lungun da muke ratsawa zuwa masallaci. Ƙafata ta san nisan, idona bai ga abin da zai kama ba. Ina cikin haka yaron ya ce, "Baba, zafi, yaushe za mu koma otal?" Na daka masa tsawa. Har yau ina jin nauyin tsawar nan. Mene ne laifinsa? An kawo shi fili cikin rana an ce ya ji abin da bai taɓa sani ba.

Saboda haka ranar farko ki je ke kaɗai. In kina so ki yi kuka ki yi, in kuma kika ji ba ki ji komai ba, wannan ma yana faruwa, kuma ba wanda zai tsare ki da ido yana jiran ya ga hawaye. Yara ki kai su daga baya, bayan kin gama da kanki, ki ba su labari ɗaya ko biyu masu ban dariya, ki saya musu abin sanyi, ku tafi. Awa ɗaya ta ishe su.

Ke unguwarku da wuya ki tarar an share ta haka, amma ki shirya. Kin ambaci cewa daga ɗakinku kuna jin ihun 'yan kallon ƙwallo ranar Asabar. In filin Maine Road kike nufi, Manchester City ta bar shi a 2003, an rushe shi a shekarar da ta biyo, gidaje ne a wurin yanzu. Tsakiyar garin ma an sake gina ta bayan bam ɗin watan Yunin 1996, wato kun baro garin ana cikin aikin. Kafin ki tafi ki shiga Street View, hotunan tituna na taswirar Google, ki bi layinku, yana ma nuna hotunan shekarun baya. Wasu sun ce hakan yana rage armashi. Ni na ce gara ki sha kaɗuwar a ɗakinki da ki sha ta a bakin titi. Ki kuma lura da lokacin zuwa, don a Disamba rana tana faɗuwa a Mancesta kafin ƙarfe 4 na yamma, in kuwa abin da kike tunawa dogayen yammacin bazara ne, za ki ga kamar an musanya miki gari. In akwai tsofaffin fam na takarda da kike ajiye da su, kanti ba zai karɓa ba, sun koma na roba, amma babban bankinsu yana canzawa.

Maganar ƙwanƙwasa ƙofa, ni ban samu ƙofar ba balle in ƙwanƙwasa. Amma da ni ne ke, gajeriyar wasiƙa zan rubuta in zura ta ramin wasiƙun ƙofar: ga ni, na zauna a gidan nan daga shekara kaza zuwa kaza, ga lambata, in babu takura. In sun kira, alhamdu lillahi. In ba su kira ba, gidansu ne. Makaranta kuwa ki aika musu saƙo tun kafin ki je, kada ki tsaya bakin shinge kina ɗaukar hoto yara suna ciki. Kuma duk abin da kika samu a tsaye zai yi miki ƙanƙanta. Ni tsohon gari, Balad, yana nan, tun 2014 yana cikin wuraren tarihi na UNESCO, an gyara gidajen dutsen murjani da tagoginsu na katako. Na tsaya gaban gidan Nasif ƙarƙashin bishiyar darbejiyar nan, filin da a da nake ganin ba ya ƙarewa na ratsa shi cikin taku kaɗan. Abin da bai ragu ba a idona shi ne ruwan nan mai tsiri na Sarki Fahad a bakin teku, wanda aka buɗe a 1985 ina ɗan shekara 7, da kuma iskar garin mai nauyi da ɗanɗanon gishiri. Ita iskar ce ta fara sa ni hawaye, tun a ƙofar filin jirgi.

Abin da ya sa na ɗauki dogon lokaci ina rubutun nan shi ne na kwana na biyar. Mahaifiyata ta ba ni wani tsohon littafin lambobin waya, lambobin duk sun daina aiki, lambar yankin ma ta tashi daga 02 ta koma 012 tun 2013. Abokan wasana yawancinsu Yamanawa ne, sun riga mu tashi a ƙarshen 1990 lokacin da ɗaruruwan dubbansu suka bar ƙasar. Sai ta hanyar 'yar wata da ta san jikar wata a WhatsApp muka gano maƙwabciyarmu, tsohuwar da ta yi rainona. Rusau ya tura su wani gidan haya can gefen gari. Da na shiga ta kama fuskata da hannu biyu ta kira ni da sunan da rabona da jin sa tun ina yaro. Muka zauna tun la'asar har bayan isha.

Na fara ba ta labarin babban gidanmu mai faɗin tsakar gida. Ta ce wane babban gida? Ɗaki biyu ne, ku bakwai. Na ce ina tuna yadda muke kwana a kan soro muna kallon taurari. Ta ce ai na'urar sanyaya ɗakinku ce ta lalace, aka yi wata biyu babu kuɗin gyara, mahaifinka ya ce muku wasa ne. Ta ba ni labarin yadda mahaifiyata take shigowa ɗakinta ta rufe ƙofa ta yi kuka duk lokacin da sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ya matso, ta wanke fuska ta fito ta ɗora mana tukunya. Ta ce tafiyarmu ta 1991, wadda aka gaya mana don mu san dangi ne, aikin mahaifina ne ya ƙare, babu wanda zai ci gaba da tsaya masa. Ina zaune ina lissafi. Ranar da muka bar Jidda mahaifina yana da shekara 41. Ni da nake zaune a gabanta na girme shi da shekara huɗu.

Shekara 32 ina cewa babu gari mai daɗin Jidda, har ina jin haushin an raba ni da shi, na sha faɗa wa mahaifina haka da bakina ina saurayi, shi kuwa sai ya yi murmushi ya kawar da zancen. Ya rasu ban san me ke ƙarƙashin murmushin ba. Ke ma mahaifinki ɗalibi ne da iyali a ƙasar sanyi, mahaifiyarki matashiya ce ba uwa ba 'yar'uwa a kusa. Idan suna raye, ki zauna da su kafin ki tafi, ki sa su zana miki unguwar a takarda, ki tambaye su wa ya taimake su, wa ya rufe musu ƙofa, wace shekara ce ta fi tsanani. Ki karɓi sunayen maƙwabta ki fara nema tun yanzu, don gini in ya tsira zai jira ki, tsofaffi ba sa jira. Tsohuwar nan wata bakwai bayan dawowata ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Akwai ƙanwata da ta rasu tana jaririya, a Jidda aka binne ta. Kaburbura a can ba a rubuta musu suna, don haka na tsaya daga bakin maƙabartar na yi addu'a ga duk wanda ke ciki. In kuna da naku a Mancesta, ki tambayi lambar kabarin tun daga gida, maƙabartunsu suna ajiye rajista.

Da zan tashi daga wurin tsohuwar, ta aiki jikarta ta ɗauko wani farantin tangaran mai zanen furanni, bakinsa ya ɗan ɓantare. Ta ce mahaifiyata ce ta aiko mata da abinci a ciki daren da za mu tafi, da safe ta zo mayarwa ta tarar mun wuce. Ta riƙe shi duk shekarun nan, har ranar da suke kwasar kaya jan fenti yana jikin bango ba ta bar shi ba. Na naɗe shi cikin riguna na kawo shi gida kamar ƙwai. Mahaifiyata ta juya shi gaba da baya, ta kai shi kusa da ido, ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, nawa mai shuɗin baki ne." Na ce to in mayar? Ta ce in ajiye mata a saman sif, kada jikoki su fasa.