Kafin ka sayi tirelar ɗaukar katafila a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Texas, kuma shekara biyu ke nan ina jan rufaffiyar tirela a ƙarƙashin wani kamfani. Duk inda direbobi suka taru, hirarsu ita ce babu masu samu kamar masu ɗaukar manyan injuna. Na tara abin da zai isa kafin alƙalami na kan mota da tirela. Shin in sayi lobed, wato tirela mai bodi ƙasa-ƙasa ta ɗaukar manyan injuna, in fara cin gashin kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a abin da ka tara. Shawarata ita ce kada lobed ta zama tirelarka ta farko, domin direbobin da kake saurare kuɗin mil ɗaya suke faɗa maka, alhali abin da ya kamata ka auna shi ne ragowar da ke shiga aljihu a ƙarshen mako.

Dokar tarayyar Amurka ta ƙayyade nauyin mota da kayanta a fam 80,000, wato kimanin tan 36, faɗi kuma ƙafa 8 da rabi, yayin da tsayi a jihohi da dama bai wuce ƙafa 13 da rabi ba, ko da yake Texas ta yarda da 14. Duk lodin da ya zarce wannan sai an sayo masa izini daga kowace jihar da zai ratsa, kuma izinin ne ke zaɓa maka hanya. Sau da yawa ba a tafiya da shi bayan faɗuwar rana, wani lokaci kuma sai da motocin rakiya gaba da baya. Saboda haka mai katafila yana iya karɓar kuɗi mai tsoka a kan kowane mil, amma ya yini biyu a ajiye yana jiran takarda, sannan ya dawo wayam, don ba kowane gari ake samun injin da za a ɗauko ba. Bashin mota da inshora kuwa ba su san ranar zama ba.

Bambancin tirelolin a tsayin bodinsu yake. Shimfiɗaɗɗiyar tirela, wadda suke kira fulatbed, ta kai kusan ƙafa 5 daga ƙasa, don haka kayan da ya wuce ƙafa 8 da rabi ba ya hawanta lafiya, amma ita ce ba ta rasa lodi: katako, rodi, bututu da kayan gini. Mai hawa biyu, wadda bodinta na baya ya fi na gaba sauka ƙasa, tana ɗaukar kayan da tsayinsa ya kai ƙafa 10. Lobed mai cire wuya, wato RGN, ita ce injin ke hawa da kansa ta gaba, kuma ita ce mafi tsada wajen saye da gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaurin kaya, wanda ba ka taɓa yi ba a rufaffiyar tirela. Doka ta ce jimillar ƙarfin sarƙoƙi da igiyoyin ɗauri ta kai aƙalla rabin nauyin kayan, kuma ka tsaya ka duba su cikin mil 50 na farko, sannan duk bayan awa 3 ko mil 150. Wannan ilimi a hannu ake koyonsa, kuma gara ka koye shi da motar wani.

Ka nemi aikin fulatbed a kamfanin da ke horarwa, ka yi shekara guda. Kafin ka sa hannu, ka tambaye su ko da mil suke biya ko da kaso daga kuɗin lodi, ko suna biyan kuɗin rufa tamfol da na jira a wurin lodi, kuma idan kaso ne ka nemi a riƙa nuna maka takardar farashin kowane lodi. A cikin shekarar ka rubuta samunka da kwanakin zamanka mako-mako. Idan lissafin ya gamsar da kai, ka fara da mai hawa biyu, ka kuma ware kuɗin gyara da na inshorar watanni uku waɗanda ba za ka taɓa ba.