Yaya Ake Gane Gaskiyar Labarin Masunci?

Tambaya: Malam, ina sayen kifi a bakin ruwa a Yawuri, kuma kusan kullum sai wani masunci ya ba ni labarin giwan ruwan da ya taɓa kamawa wanda wai ya fi buhun gero biyu nauyi. Ba na son in ƙaryata dattawa, amma kuma ba na son a mayar da ni wawa. Ta yaya zan bambance gaskiya da ƙarin gishiri?

Amsa: Da farko ka tambayi irin kifin, domin kowanne yana da iyakar girmansa. Karfasa ba kasafai take wuce kilo 4 ba, saboda haka duk wanda ya ce ya kama mai kilo 20, to hira ce kawai yake yi. Giwan ruwa kuwa dabam ne, domin an taɓa kama mai kilo 104 da ƙugiya a tafkin Nasar na ƙasar Masar a shekarar 2000, kuma a bikin kamun kifi na Argungu na 2005 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗora shi a kan sikeli. Ka ga ke nan ba kowane babban labari ne ƙarya ba.

Abin da na fi dogara da shi shi ne gwada tsawo da nauyi, domin mai ƙarin gishiri yakan ƙara nauyin ya manta da tsawon. Idan tsawon kifi ya ninka biyu, nauyinsa yakan ninka kusan takwas. Giwan ruwa mai tsawon mita ɗaya bai cika wuce kilo 15 ba, mai kilo 75 kuwa sai ya yi kusan tsayin baligi. Saboda haka ka roƙi mai labarin ya nuna maka da hannunsa inda kifin ya kai a jikinsa. Idan ya tsaya a ƙugu alhali yana maganar buhu biyu, ka sami amsarka ba tare da ka kunyata shi ba.

Sai kuma ka tambayi abin da aka kama shi da shi, da wanda ya taya shi fitarwa, da dillalin da ya saya da kuma nawa ya biya. Masuncin da ya yi babban kamu ba ya manta kuɗin da ya karɓa, kuma a gari irin Yawuri labarin ba zai ɓuya wa Sarkin Ruwa ba. Hoton waya kada ya ruɗe ka, domin kifin da aka miƙo kusa da kyamara yakan ninka girmansa. Ka dubi yatsun mai riƙon.

Ko sikeli ma ba ya raba gardama shi kaɗai. A Argungu, a 2008, an ƙwace kyautar wanda ya zo na ɗaya da kifi mai kimanin kilo 66 bayan an gano cewa kifin ya riga ya mutu kafin a fito da shi daga kogin Matan Fada. Sabon kamu idonsa garau yake, jan naman da ke ƙarƙashin kunnensa yana nan jawur, jikinsa kuma bai sandare ba tukuna.

Amma idan labarin na kifin da ya tsinke zare ya tafi ne, babu sikeli babu dillali, sai ka ce wa dattijon Allah ya kawo wani, ka ci gaba da cinikinka.