Rabin fuska shuɗi, rabi ruwan lemo: in buɗe filashata ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gwajin ɗaukar hoto a ɗaki, ina haɗa hasken taga da ƙwan fitila da filasha. Sai fuska ta fito gefe ɗaya shuɗi-shuɗi, ɗayan ruwan lemo, wani lokaci kuma ƙasan hoton baƙi ƙirin. Wani ya ce filashar ce ta yi sanyi, in cire batir in kwance ta a ƙara mata ƙarfi. Hankalina ya tashi, ko ta lalace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, filasharka lafiya lau take. Haske kala biyu ka haɗa a fuska ɗaya. Hasken rana da na filasha duk suna kusa da Kelbin 5,500 (Kelbin shi ne ma'aunin launin haske), shi kuwa ƙwai mai ɗumin haske tsakanin 2,700 ne da 3,200. A cikin hasken biyu, ɗaya kawai kyamara za ta iya ɗauka a matsayin fari, ɗayan dole ya rine. Ko dai ka kashe ƙwan, ko ka rufe tagar ka manna wa filashar ledar gyaran launi mai ruwan lemo, ka saita kyamarar ta ɗauki hasken ƙwan a matsayin fari.

Baƙin ƙasan hoto kuwa labulen shota ne, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a cikin kyamara don haske ya shiga. Ka wuce gudun da filasha ke iya bi, wanda a yawancin kyamarori 1/200 ne ko 1/250 na daƙiƙa. Sauko ƙasa da haka.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato shawarar mutumin nan. Kusan kullum sai na ji ta, kuma daga bakin waɗanda ba su taɓa ganin cikin filasha ba. Wai tunda an cire batir, babu wuta. Ƙarya ce. Batura huɗun da ake saka mata bolt 6 kacal suke bayarwa, amma wannan siririn kukan da kake ji in ka kunna ta, ɗaga wutar ake yi zuwa wajen bolt 300 ana tara ta a kafasita, wato ma'ajiyar wuta da ke cikin filashar. Ka zare baturan, wutar tana nan zaune, kuma takan daɗe. Yatsanka ya taɓa ƙafafun kafasitar, za ta fizge ka ta ƙona fata, in ta ratsa daga hannu zuwa hannu ta ƙirji tana iya taɓa bugun zuciya. Bakin sukundireba ma sai ta yi masa tabo, da tartsatsi da ƙara kamar an fasa wani abu.

Kuma a kan me? Babu wata ƙusa a ciki da za a murɗa haske ya ƙaru. Ƙarfinta girman kafasitar da bututun hasken ne suka yanke shi tun daga masana'anta. Masu wannan surutu, da an tambaye su yadda ake sauke wutar kafin a taɓa, sai su fara kame-kame. In ta lalace da gaske, ka kai wa mai gyaran da ya san aikin.

In haske kake so ya ƙaru, matso da ita. Daga mita 2 zuwa mita 1, hasken da ke sauka a fuska ya ninka huɗu. Ko ka buɗe ƙofar lensi daga f/5.6 zuwa f/4 (ƙaramar lamba, babbar ƙofa), hasken da ke shiga kyamara ya ninka biyu. Sannan ka daina harba ta kai tsaye a fuskar mutum. Juya kanta zuwa farin bango a gefen da tagar take, ka ɗauki hoto ɗaya a 1/60 ɗaya a 1/200, ka ga yadda bayan hoton ke canzawa alhali hasken filasha a fuskar bai motsa ba.