Tambaya da Amsa: Ina ruwan nas da tukunyarmu?

TAMBAYA: Anti Nas, na kai mahaifiyata asibiti saboda ciwon suga, an ɗora ta a kan allurar insulin. Sai nas ta hau tambaya: wa ke yi wa Mma girki, sau nawa take ci a rana, muna da firij, nawa muke kashewa a trotro, wato motar haya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wannan ba tonon asiri ba ne? Daga wata 'ya, Aboabo, Kumasi.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba Mma lafiya. Mu 'yan Zango rufin asiri muka sa a gaba, don haka na fahimce ki. Amma aikinta ta yi, ni ma haka nake tambayar marasa lafiyata.

Insulin na saukar da suga ko an ci abinci ko ba a ci ba. Tsohuwar da ta yi allura da asuba, ta zauna jiran jika ya kawo koko har hantsi, sai gumi da rawar jiki, wani lokaci har suma. Idan likita ya san babu mai girka mata da safe, zai gyara lokacin allurar ko yawanta. Zafi kuma yana lalata insulin, ga ɗauke wuta. In babu firij, ki faɗa, za a nuna miki yadda ake sanyaya ta da tulu.

Kuɗin mota kuwa, na ga tsofaffi da yawa sun daina zuwa awo saboda shi, sai sun galabaita a kwaso su. Idan kin yi magana, ana iya haɗa mata awo da karɓar magani rana ɗaya, ko a mayar da ita asibitin kusa da gida.

Ki duba katinta na NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasar Ghana. Tsarin ya ɗauke wa 'yan shekara 70 zuwa sama kuɗin inshora na shekara, haka ma masu karɓar tallafin LEAP, wato kuɗin da gwamnati ke ba marasa galihu, wanda aka fara a 2008. Ana sabunta katin ta waya da *929#. A asibitin Komfo Anokye, wato Gee, akwai ofishin jin daɗin jama'a, kina iya roƙon nas ta haɗa ku da su.

Idan kunyar jama'a ce ta dame ki, ki ce a keɓe ku a ɗaki, haƙƙinku ne. Ranar komawa, ki tafi da wanda yake kwana da Mma a gida, shi ya san abin da take ci.